Na'urar Ƙofar Asibiti

A hukumar da ke tantance na'urori kafin a sake su ga jama'a, Tsinke ake kiranta, don ga ta siririya, ga tsini a baki. Aikinta gwaji. Shugaban hukumar kuwa kawunta ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta.

Wani kamfani ya kawo na'urar da za a kafa a ƙofar asibitoci: ka dangwala yatsa, ta gane ka, ta sa ka a layin ganin likita. Aka kafa ɗaya a ƙofar wani asibiti don gwaji, aka tura Tsinke ta duba. Da hantsi ta ga wata tsohuwa mai wankau tana ta dangwalawa, na'urar tana ƙyafta mata jan ido. Sabulu ya cinye zanen yatsunta. Mai gadi ya ce ba shi da ta cewa, na'ura ce ta ƙi. Tsohuwar ta lashi yatsan, ta goge a zani, ta sake gwadawa, sannan ta juya gida da tarinta. Wani magini da ke bayanta ma haka siminti ya yi wa yatsunsa.

A taron amincewa wakilin kamfanin ya ce irin waɗannan ba su taka kara sun karya ba, a gaba za a gyara. Kawu ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi, ban da nata. Doka kuwa ta ce sai da yardar mai gwaji.

Kawu ya ja ta ofis ya rufe ƙofa. Ya ce daga sama ake bugo masa waya, kuma bai raine ta don ta watsa masa ƙasa a ido a gaban baƙi ba.

"Kawu, ko ina ka aike ni zan je," ta ce. "Amma a hana marar lafiya shiga, a ce babu mutumin da zai iya ce masa shigo, wannan ba da hannuna ba."

Aka mayar da ita ɗakin ajiyar matattun kwamfutoci. Wanda aka ba kujerarta ya leƙo neman shawara, ta ce ya je ƙofar asibitin ya tsaya kawai. Ya je, ya dawo, shi ma ya ƙi. Ala tilas kamfanin ya yarda a ajiye ma'aikaciya mai ikon shigar da duk wanda na'urar ta kora.

Kawu bai mayar da ita kujerarta ba. In ta je gaishe shi, a daƙile yake amsawa. Ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba.