Ƙofar Zauren Sandell

Birger Sandell, mai zanen gine-gine, ya zana wa garinsu makaranta da gidan wanka da ɗakin karatu, babu wanda ya taɓa tayar masa da hankali sai zauren taron nan.

Doka ta ce ƙofar ginin jama'a waje take buɗewa, don in gobara ta tashi, turereniyar mutane ma ta isa ta buɗe ta. Gogan naka kuwa ya ga in ta buɗe waje za ta kare masa kyawawan ginshiƙansa biyu, sai ya juya ta ciki. Malte kafinta ya ce, "Maigida, ginshiƙi ake ji ko mutane?" Birger ya ce ya ja bakinsa ya kama aikinsa.

Da asubar bikin Lusiya, bikin kyandirori na tsakiyar hunturu, aka buɗe zauren. Mutum ɗari uku suka cika shi maƙil, kowa cikin jibgegiyar rigar sanyi. Ingalill, 'yar Birger, ita aka zaɓa ta shigo a gaba da kambin kyandir bakwai a ka, 'yan mata ashirin na biye da ita, kowace da kyandir a hannu. Wata biyu ta yi tana koyon tafiyar a gida da littafi a ka.

Aka kashe fitilu, aka mayar da ƙofa saboda sanyi. Jin ƙarar rufewarta, Birger ya tuna ciki take buɗewa. Sai yanzu ya ga adon karan alkama a bango, ya ga labule, ya ga gashin yaran a sake har baya.

Matarsa Solveig ta taɓo shi. "Lafiya? Gumi kake a wannan sanyin?"

Wata yarinya ta yi tuntuɓe, ƙaurin gashi ya ɗan taso. Wata mata ta miƙe tana waige-waige. Birger ya hango abin da zai faru. Mutum ɗaya kawai zai ce "Wuta!" sauran su danne ƙofar da jikinsu, 'yarsa kuma tana can ƙuryar zauren.

Ya tashi yana tattaka ƙafafun mutane, ya fizgo ƙofar, ya tokare ta da bayansa. Iska ta kwararo ciki da ƙanƙara.

"Kai, rufe mana!"

"Sandell ya zautu ne?"

Malte, daga bencin baya, ya dube shi kawai ya sunkuyar da kai.

Kyandirori suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, waƙar ta tsinke. Ingalill ba ta tsaya ba. Ta tako a hankali cikin duhu, kai a miƙe yadda ta koya, har gaban ubanta, hayaƙi na tashi daga kambinta.

Ta ce, "Baba, me na yi maka?"

Ya dubi hayaƙin kambinta. Ƙofar dai bai sake ta ba.