Jan Makunnin Ƙarƙashin Kujera

Da hantsi inbata ta fara kuka, tsit-tsit-tsit, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Ina wanke kofuna a bakin ƙofar motar, ban ma san lokacin da na yar da su ba.

"Auta! Kai Auta! Zo ka ji abin nan naka!"

Auta ƙanena ne, mai wayarin mota, gemu har ƙirji amma har gobe sai an yi masa tsawa yake motsi. Shi ya mai da tsohuwar motar kayan nan ɗaki: gado, firij, fanka, da batirin ƙari guda biyu a ƙarƙashin gadon. Inbatar ce ke ɗaukar wutar batiran ta mai da ita irin ta gida, kuma a jikinta injin iskar Baba yake. Huhun Baba ya gaji, in aka cire masa robar nan daga hanci ko zance ba ya iya ƙarasawa. Baban ne ya dage sai an kai shi bakin tafki ya kwana a waje kamar zamanin da yake tuƙin babbar mota. Na ce a'a, Auta ya ce batiransa za su riƙe injin kwana biyu ko gezau. Har ƙaramar tukunyar iskar Baba ta ko-ta-kwana da ta ƙare Auta bai tsaya an cika ba.

Ya taho yana goge hannu. "Yaya, ke komai sai ihu. In na ƙari sun yi ƙasa ai sai in ta da mota, injinta ya cika su."

Ya hau gaba ya murɗa makulli. Motar ta yi ƙaƙ. Ya sake, ta yi ƙaƙ-ƙaƙ, fitilun gaban sitiyari suka dushe.

"Ba kai ka ce batirin tashi daban yake ba? Ba kai ka ce ko na baya sun mutu shi ba abin da zai taɓa shi ba?"

Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, inda ya sa wani jan makunni. In ana tafiya sai ya murɗa shi batiran baya su haɗu da na tashi, injin motar ya caja su duka. In an tsaya sai ya raba su. Ya ɗago fuskarsa kamar an watsa masa toka.

"A haɗe suke. Na rantse jiya da muka tsaya na raba su da hannuna."

"To aljani ne ya mayar?"

"Ni ne."

Baba ne daga kan gado, muryarsa can ƙasa. Ya ja iska, ya sake ja.

"Da za ka sauko da ni... na ga jan makunni... na murɗa. A motata in an tsaya... kashe batir ake yi."

Duk tsawon aikinsa bai taɓa barin mota ba tare da ya murɗa makunnin batir ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Auta ya raba, Baba ya zo ya haɗa, shi a ganinsa taimako ya yi. Tun jiya injin iska da firij da fanka suna shan batiran nan uku tare, har suka tsotse su.

Na rasa wanda zan zaga. Na fizge wayar firij, na kashe fanka, inbatar ba ta daina kuka ba. Na ɗaga wayata sama, na hau kan dutse, na juya gabas na juya yamma, babu sabis ko ɗigo. Titi kuwa yana can nesa, tun jiya ko mai keke bai gifta ta wajen ba. Tsoro ya kama ni sosai.

"Saura nawa ta yanke?" na tambayi Auta.

"Ba yawa, Yaya. In ta fara wannan kukan ta kusa."

"To yi wani abu mana! Kai ne mai wayarin!"

Ya dubi gangaren da ke gabanmu. Jiya Baba ya hana shi tsayawa a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ya ce direban kirki hancin motarsa gangare yake kallo. Gangaren ya miƙe ne har cikin tafki.

"Sai dai turi," in ji Auta. "Amma sai an kashe inbata. In ta shanye ɗan abin da ya rage, famfon mai ba zai buɗe ba, ko mun tura ba za ta tashi ba. Kuma sau ɗaya ne, in ta ƙi babu mai dawo da ita sama."

"A kashe wa Baba iska? Kana da hankali kuwa?"

"In ba mu kashe ba da kanta za ta mutu, mu zauna muna kallonsa."

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in kwaɗa masa mari. Ga kuma wata matsalar: ni ban iya tuƙi ba, kuma ni kaɗai ba zan iya motsa wannan ƙatuwar mota ba, dole Auta ya kasance a baya.

Baba ya ɗaga hannu ya zare robar daga hancinsa da kansa.

"Ku ɗora ni... a kujera."

"Baba, don Allah, don Annabi, mayar da ita."

"'Yar nan... ba ki fi ni son raina ba. Ɗauke ni."

Muka ciccibe shi, ba shi da nauyin komai. Auta ya kashe inbatar, ƙarar injin iskar da na saba ji dare da rana ta ɗauke, sai numfashin Baba kawai kamar ana jan zarto a itace. Ya dafa sitiyari, ya laluba giya ya sa ta biyu, ya taka kuloci. Leɓɓansa sun fara canja launi. Ya yi mana alama da kai.

Muka zaga baya. Na sa kafaɗa, Auta ya sa bayansa. Motar ta ƙi motsi. Na yi salati, na yi ihu, takalmina ya tsinke, tsakuwa ta shiga tafin ƙafata. "Tura, Yaya, tura!" Sai ta ɗan gusa. Ta ƙara. Tayoyin suka fara murza ƙasa, nauyin ya bar kafaɗata, na kife a kan gwiwoyina ina kallon ta tana gangarawa wajen ruwa.

"Saki, Baba! Saki kuloci!" Auta yana bin ta da gudu.

Bai saki ba. Ta ƙara gudu, ruwan yana matsowa, na ɗora hannu a ka na ce shi ke nan ya suma. Sai motar ta yi tsalle, ta yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, injin ya ɗauka. Jan fitilun birki suka kama. Ta tsaya tayoyin gaba suna cikin laka.

Ban san yadda na isa ba. Na fizge ƙofa. Baba ya cire giya ya sa ta a firi, ya ja hambirki, ƙafarsa tana kan totur don kada injin ya mutu. Kansa yana kan sitiyari.

Auta ya kunna inbata, ba ta yi kuka ba. Na jawo injin iskar har wayarsa ta miƙe, na ɗago kan Baba na sa masa robar. Ina jin iskar tana fita a yatsuna, mai sanyi.

"Ga ta nan, Baba, ta dawo. Ja mana. Baba, ja."

Auta ya kama hannunsa ya daɗe yana riƙe da shi yana neman bugun jini, bai samu ba. Sannan ya sunkuya ya ɗauke ƙafar Baba daga kan totur, a hankali, ya sa tasa.

"Yaya," ya ce. "Yaya, ya isa."

Ya miƙa hannu zai kashe injin iskar, na buge hannun. Da injin motar ya daidaita muka mai da Baba kan gado, Auta ya ja motar da baya ya fid da ita daga laka, na zauna na ɗora kansa a cinyata, na riƙe robar a hancinsa da yatsu biyu don kada gargadar hanya ta zame da ita. Haka na riƙe ta har muka hau titi.