Fanka ta Biyu

Mijina ya san abin da ke damun motar. Ina gani a idonsa duk lokacin da allurar auna zafin inji ta fara hawa. Sai dai tun ranar da ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi ta bar shi. Na ba shi biro, ya ja wasu layuka kamar sawun tururuwa, ya jefar. Ko nuni da yatsa rikice masa yake yi: yana son ruwa sai ya nuna taga. Likita ta ce hanyar da ke tsakanin niyya da gaɓa ce ta toshe, abin da jiki ya saba yi da kansa ba tare da an aike shi ba, shi kaɗai ne bai tafi ba.

Dogo ake ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu. Ni kuwa 'Yar Guntuwa yake kirana, wai in ya saka ni a aljihu sai ya yi lalube. Motar tsohuwa ya saya, ya kwance ta a tsakar gida har ta koma tulin ƙarafa, ya sake haɗa ta yadda ransa yake so. Ya ɗora mata turbo, wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi da ke ɗura wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Ya cire na'urar sanyaya ciki don bututai su sami wuri. Da na yi ƙorafi, cewa ya yi, "Ga taga nan, 'Yar Guntuwa. Iskar Allah ba ta lalacewa."

Wata safiya bayan an sallamo shi, na tayar da motar don kada batir ya mutu. Na ɗan taka totur, turbo ya yi fito, na saki, ya yi atishawarsa. Sai na ji an maimaita daga cikin ɗaki. "Fiiii... tsss." Na shiga da gudu. Dogo ne a kan kekensa na marasa lafiya, leɓensa a karkace, yana kwaikwayon motarsa. Sautin farko ke nan da ya fito daga bakinsa da gangan. Na durƙusa na rungume ƙafafunsa, na yi kukan da ban yi ba a asibiti.

"Ki riƙa fita da shi a cikinta," in ji likita. "Inda sauti ya fito, kalma tana iya biyo baya."

To, ga magani a tsakar gida, amma maganin ba ya kai mu ko shataletalen farko. Da na ja kujera gaba har ƙirjina ya kusa taɓa sitiyari, muka hau titi, sai allura ta bar tsakiya ta nufi ja. In tsaya, in buɗe bonet, mu zauna muna jiran ta huce, masu wucewa suna leƙenmu.

Bakaniken da na kai wa abokin Dogo ne tun suna koyon aiki. Ya zagaya motar yana taɓa ta da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi.

"Dogo, kai dai ba ka ji daɗin halinka ba," ya ce, yana leƙa tagar motar inda Dogo yake zaune. "Ka ɗinka abu, ka haɗiye allurar, ka zo ka zauna kana kallona kamar alƙali."

Gefen bakin Dogo mai rai ya ɗan ɗaga.

Ya canza murfin lagireto. Ta yi zafi. Ya wanke lagireton, ruwa ya fito ja kamar shayi. Ta yi zafi. Ya canza tiyo, ya canza famfon ruwa, ya cire wani ɗan ƙarfe mai buɗe wa ruwa hanya, ya ga ba shi ba ne, ya mayar yana ba shi haƙuri. In tana tsaye a gareji, lafiya lau take, sai ka rantse ƙazafi ake mata. In ya fita gwaji, ko kujera ba ya gyarawa don da kaɗan ya fi ni tsawo, sai ya dawo yana zufa, ita ma tana yi.

"Wannan fa?" na tambaye shi, ina nuna wata fanka da ke maƙale can bayan bamba. "Ban taɓa ganin ta juya ba."

"Ta na'urar sanyi ce, ƙanwata. Mijinki ya cire uwar ya bar 'yar. Ado ce kawai." Ya goge hannu da tsumma, wasan ya bar fuskarsa. "Ki ji ni da kyau. Ya cusa wa injin nan wuta fiye da yadda aka halicce shi, amma a hannunsa ba ta taɓa tafasa ba. Akwai abin da yake yi mata, ni ban gano ba. In ta sake tafasa sosai, gasket, shimfiɗar da ke raba ruwa da mai, zai ƙone, kan injin ya lanƙwashe. In kuwa ya tafi, ba mai haɗa shi sai wanda ya ɗinka shi."

Mu duka muka juya muka kalli wanda ya ɗinka shi. Shi ma yana kallonmu.

Na ajiye motar a gida, na rufe da tamfol. Dogo ya koma shiru. Ya daina kallon taga, ya fara kau da kai daga cokali. Na kunna masa ƙarar motoci a waya, ko gezau. Na tayar da motarsa a tsaye, ya saurara kaɗan, ya runtse ido. Ba ƙararta kawai yake so ba, tafiyarta yake so.

Ran nan da hantsi na yaye tamfol. Na ce a raina, zagaye ɗaya, a hankali, mu dawo.

Da farko kamar a mafarki. Iska tana kaɗa masa riga, hannunsa na hagu yana kan cinyarsa yana canza giyar da babu. Na taka, turbo ya yi fito, Dogo ya amsa masa. Sannan leɓensa suka haɗu, suka rabu, wani abu mai kama da farkon kalma ya leƙo.

"Faɗi, ranka ya daɗe," na ce. "Ina jinka. Ko zagi ne, faɗi."

Don wannan ne ban juya a shataletale ba. Na miƙe, na faɗa cunkoso a hawan gada, babbar mota a gabana, bas a bayana, babu gefen da zan raɓa. Allura ta fara tafiyarta.

Gwiwar Dogo ta hagu ta zabura gefe, ta bugi gindin giya. Ta sake. Ta sake. Haka take yi duk fitar da muka yi, ni kuwa na ɗauka tsoro ne ke sa masa karkarwa. Na ɗora hannuna a kanta na danne.

"Yi haƙuri, masoyina. Kwantar da hankalinka, yanzu za mu fita."

Tana fizgewa a ƙarƙashin tafina, ina ƙara dannewa, ina shafa ta. Ya juyo ya dube ni, hawaye yana bin ɓarin fuskar da ba ya motsi.

Kafin mu sauka gadar, tururi ya turnuƙe gilashi. Injin ya yi tari, ya girgiza, farin hayaƙi mai zaƙi-zaƙi ya biyo salansa. Na gangara gefen titi, ta mutu da kanta.

Na kira bakanike. Ya ce in ta huce in zaro sandar auna baƙin mai in faɗa masa kalarsa. Na jira, na zaro.

"Kamar shayi da madara," na ce.

"Ruwa ya shiga mai, gasket ya ƙone," in ji shi. "Ki zauna nan, ƙanwata. Zan zo da igiya."

Na koma ciki. Makulli yana kunne, fitilun gaban sitiyari jajaye duka. Na tura kujera baya har ƙarshe, inda Dogo yake ajiye ta, na ɗago gwiwoyina zan kifa kaina a kai. Gwiwata ta hagu ta bugi jikin ƙofa.

Wani abu ya yi ƙas. Daga can bayan bamba, fanka ta biyu ta tashi da gurnani, tana zuƙar iska har motar tana rawa.

Na sunkuya na duba. A ƙarƙashin madogarar hannu, sama da inda gwiwata take kaiwa in ina tuƙi, akwai ɗan tudun maɓalli a rufe da fata kalar ƙofar. Fatar ta siɗe, tana sheƙi, daidai faɗin gwiwar mutum.

"Tun ranar farko kake faɗa mini," na ce.

Bai yi fito ba. Ya jingina kai, ya rufe ido, ƙafarsa ta kwanta.

Ban kashe fankar ba. Na bar ta tana hura injin da ya riga ya ƙone, muna zaune muna saurarenta, har batir ya yi rauni, ƙararta ta fara ja da baya.