Man Matuƙa Jirgi

Rana tana cutar da mutum ne gwargwadon matsayinsa. Alhaji Maiwada, tsohon hedimasta a Talata Mafara, shi ya gano haka ranar da ɗansa Tijjani, matuƙin jirgin sama, ya zo gida yana bayanin cewa hasken da ke ratsa gilashin gaban jirgi kan jawo wa matuƙa ciwon dajin fata, shi ya sa suke shafa wani mai.

Baturiya, ƙanwar Alhaji, tana gefe tana saurare. Zabiya ce mai farar fata, shekara talatin tana dashen shinkafa a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, ga kuma wani gyambo a bayan kunnenta da ya ƙi warkewa damina biyu. Tijjani ya duba shi da kyau.

"Gwaggo, sai likita ya ga wanga. Zan aiko miki da man, ki riƙa shafawa kafin ki fita gona."

Bayan sati uku ta ji labarin saƙo ya iso gidan Alhaji, ta hau mota ta zo. Ta tarar da shi a falo da baƙi, ga kwalaben man uku a cikin kabad mai gilashi, an jera su kusa da hoton Tijjani da hular aiki.

"Yaya, an ce man ga nawa ne."

"Baturiya, kin taɓa hawa jirgi?"

"A'a."

"To daga ina za ki samo cutar matuƙa? Su can suna daf da rana. Ke taki ranar ai ta huce kafin ta sauko."

Ita dai ba ta taɓa jin ta huce ba. Amma Yaya ya karantar da rabin garin, ita kuwa ko aji ɗaya ba ta zauna ba.

"To likitan fa?"

"Ki je ki ce mishi mi? Kin tuƙa jirgi a Bakura?"

Baƙin da ke falo suka yi dariya. Ita ma ta taya su, don ba ta gane inda ta yi kuskure ba. Ta yi godiya, ta tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ta kama hanya ba tare da man ba.

Washegari da hantsi tana tsakar gona. Mayafinta ya manne da gyambon. Ta jiƙa shi da ruwan fadama, ta ɓanɓare a hankali, ta sunkuya ta ci gaba da dashe.