Aron Hannu a Lungun Nunziata

Kwaɓin fizar ya sake yagewa. Nunziata ta tsaya tana kallon hujin da ya buɗe a tsakiyarsa, hannunta na dama yana reto a gefe kamar ba nata ba. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, hannun nan ko cokali ba ya riƙewa.

"Kin gani ko, Mama?" in ji ɗanta Saverio. Yana tsaye a bakin ƙofa kusa da akwatin da ya cusa kayanta a ciki da kansa. "Jirgin Torino ba zai jira fiza ba."

Jiya ya iso Napoli da maganar likita a bakinsa, wai ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Ya gyara mata ɗaki a gidansa da ke Torino, har da na'urar ɗumama ɗaki. Ita kuwa ta ce a lungun nan aka haife ta, daga nan za a ɗauki gawarta. Da gardama ta yi tsawo sai ta buga tebur ta ce, "Gobe zan yi maka fiza. In na kasa, ka ɗaure ni a akwatin ka tafi da ni."

Kwaɓin kam ba shi da laifi. Da hannun hagu ta haɗa shi, fulawa da ruwa da gishiri da ɗan gutsuren uwar kwaɓi, tsohon tsamin nan da ta gada wurin mahaifiyarta. Ya kwana ya tashi lafiya lau, ya yi taushi, sai ƙamshi. Curi uku ta yanka. Biyu sun lalace wajen buɗawa, saura ɗaya.

Saverio ya zuge jakarsa ya zaro sandar murza fulawa, sabuwa fil, ko takardar kanti ba a cire ba.

"Ga wannan, Mama. Da hannu ɗaya ma za ki iya. Matata da irinta take yi."

"Shi ya sa fizar matarka take kamar tafin takalmi."

"Haba Mama!"

"Iskar da kwaɓin nan ya kwana yana tarawa, da yatsu ake lallaɓa ta daga tsakiya zuwa gefe. Kai kuma ka zo da sanda za ka kashe min ita? A gidan wa aka raine ka?"

Ta fizge sandar ta wurga ta ƙofa. Ta daki bangon da ke fuskantarsu, ta gangara ƙarƙashin babur ɗin wani.

Ta dawo ta tsaya a kan curin ƙarshe. Ta san gaskiya, kuma gaskiyar ta yi mata ciwo: buɗa fiza aikin hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ja. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ko a gadon asibiti ba ta ji ba. Saverio ya duba agogo.

A saman ɗakin Nunziata wata maƙwabciyarta mai suna Fortuna take zaune. A lungun, in uwar kwaɓin mace ta mutu sai ta ara wurin maƙwabciya, in ta yi nata kwaɓin ta gutsuro ta mayar. Shekarun baya Fortuna ta ara wurin Nunziata, ta mayar da wanda ta zuba wa yis ɗin kanti. Shinshina ɗaya Nunziata ta yi ta gane. Ta juye shi cikin kwandon da Fortuna ke zurowa da igiya daga baranda, a gaban kowa da kowa. Tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Nunziata ta ja ƙafarta zuwa ƙofa, ta ɗaga kai.

"Fortuna! Ke mai yis ɗin kanti!"

Taga ta buɗe nan take, ka san dama kunne na manne a jikinta.

"Ikon Allah! Gunki ya yi magana. Me aka yi?"

"Aro nake nema."

"Wurina? Ni da ban iya mayar da aro ba?"

"Hannun dama nake so. Wannan karon ni ce mai mayarwa. Ki sauko, kuma ki wanke shi da sabulu."

Sai ga ƙarar silifas a matakala. Fortuna ta shigo tana haki, ta ture Saverio gefe ba ko sannu, ta leƙa cikin kwanon.

"Ruwa ya yi yawa."

"Bakinki ne ya yi yawa. Tsaya nan."

Suka jera kafaɗa da kafaɗa. Nunziata ta barbaɗa gari ta danna tsakiyar curin da yatsun hagu, Fortuna ta kama gefe da dama tana ja tana juyawa. Kwaɓin ya riƙa buɗewa a hankali, tsakiya shara-shara, baki a kumbure. Aka shimfiɗa shi a kaskon ƙarfe da ya yi zafi jau, aka shafa tumatir, aka yayyaga cuku, ganyen ɗoɗɗoya da ɗigon man zaitun.

"To, yau ta sauko," in ji Saverio. "Gobe fa? In kika sake faɗuwa cikin ɗakin nan, wa zai sani?"

Fortuna ta juyo ta kama ƙugu.

"Kai yaro, ranar da uwarka ta faɗi, wa ya kira motar asibiti? Kai ne daga Torino? Kullum safiya sai na ji ta buɗe tagar nan tana tsine wa masu babur kafin in ɗora kofina a wuta. Ranar ban ji tsinuwa ba, na ce ba lafiya."

Nunziata ba ta taɓa sanin wannan ba. Ta ƙura wa kaskon ido. Sannan ta ce wa Fortuna:

"Za ki ƙona min ƙasan fizar da surutu. Sa ta a murhu, can sama kusa da wuta."

Fizar ta fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Amma bakin ya tashi fam, da ɗigo-ɗigon ƙuna. Nunziata ta sa aka naɗe ta gida huɗu aka miƙa wa Saverio. Ya gatsa, ya dubi cikin gefen, duk ramuka ne, ba nauyi ko kaɗan. Ya ci a tsaye, man yana bin hannun rigarsa, har ya cinye ta tas.

Sannan ya durƙusa ya buɗe akwatin. Ya lalubo ledar magunguna ya miƙa wa Fortuna.

"Inna Fortuna, farin da safe, jan bayan abinci. Za ta ce miki ta sha. Ƙarya take."

"Ni za ka gaya wa halinta?"

Ya ɗauki jakarsa, ya sumbaci goshin uwarsa, ya fita. A lungu ya sunkuya zai jawo sandar daga ƙarƙashin babur.

"Bar ta nan!" suka daka masa tsawa su biyun a tare.