Za a Hau Bisa

A Ƙofar Marusa ko wanda bai san Malam Sammani ba ya san gidansa, saboda doguwar gorar da ke tsaye a kan soro. Shekarar da soja suka tattara nasu-ya-nasu suka miƙa wa farar hula mulki, sau uku 'yan jam'iyya suna zuwa roƙon ya bari a ɗaura mata tuta, yana ba su haƙuri. Gorar ta eriyar rediyo ce. Waya ta taso daga kanta ta tsallake katanga, aka ɗaura mata igiya a ƙarshe, aka wurga igiyar ta kan reshen bedin da ke tsakar gidan maƙwabcinsa, aka ƙulle ta a wata ƙusa a gindin bishiyar. Da wannan waya Malam Sammani ke hira da mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana gyaran na'urar tangaraho. Ya yi ritaya da rediyo irin wanda ake ji a kuma mayar da magana, da lasisin amfani da shi. Zamanin soja a ɗarare yake kunna shi, don ba a rasa mai cewa ɗan leƙen asiri ne. Yanzu kuwa ya saki jiki, ga shi sararin samaniya ya yi kyau a shekarar, da an yi la'asar sai muryoyi su yi ta shigowa daga hayin teku kamar an buɗe musu ƙofa. Duk wanda suka gaisa da shi sai ya aiko masa da kati ta gidan waya don shaida. Katunan ƙasa casa'in da tara ya jera a bangon ɗakinsa, saura ɗaya ya cika ɗari a ba shi takardar yabo. Mutum mai jikoki, amma a kan wannan ƙasa ɗaya ko abinci ba ya ci da daɗi.

Mai bedin kuwa Babaji magini ne, abokinsa tun suna makarantar allo. Shi ya kafa gorar da hannunsa. Babaji ƙato ne mai ji da ƙarfinsa, kuma babu soron da bai hau ba a unguwar. Al'adar cikin birni ita ce namiji ba ya hawa sama sai ya yi shela, don daga soro tsakar gidan kowa a buɗe take, mata na daka, wasu na wanki, wasu ko ɗankwali babu. Sai mutum ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya sau uku, ya jira mata su kimtsa, sannan ya taka. Muryar Babaji in ya ce "Za a hau bisa!" har Ƙofar 'Yandaka ana rantsuwa an ji ta. Yakan ce shekara arba'in yana bisa, bai taɓa sanin launin ɗankwalin matar kowa ba.

To, sai aka daina ganin Babaji a masallaci. Aka ce zazzaɓi ne. Hajo, matar Malam Sammani, ta shiga wurin Saudatu, matar Babaji, ta fito ta ce, "Malam, ka leƙa Babaji. Saudatu ba ta faɗi komai ba, amma fuskarta ba ta yi mani ba."

"In sha Allahu bayan la'asar," in ji shi.

Bayan la'asar kuwa shi ne lokacin dubiya, kuma shi ne lokacin da muryoyin ke shigowa. Sai ya ce bari ya kunna na minti biyar kawai. Kafin ya ankara an kira magariba. Washegari haka, jibi haka. Sati na farko ya aika Hajo da gaisuwa. Sati na biyu ya fara jin nauyin abin. A sati na uku kunya ta riga ta yi masa katutu, don yanzu in ya shiga da wane baki zai ce sai yau ya samu zuwa, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu? Sai ya koma fita ta ɗaya lungun don kada ya wuce ƙofar gidan. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Malam Sammani ya san sunan karen wani Bature a Kanada, bai san abin da ke damun Babaji ba.

Ranar wata Talata ya tsinci muryar wani likitan dabbobi daga Bolibiya, ƙasar da ba ya da katinta. Muryar na zuwa tana ɓacewa, ba su gama musayar lambar kira ta rediyo ba, suka yi alkawarin gobe ƙarfe huɗu da rabi a daidai wannan wuri. Ranar Laraba yana sallame la'asar ya dawo da sauri har yana tuntuɓe, ya kunna rediyo, ya ji shiru sai shuuu. Ya murɗa nan ya murɗa can, allurar ko motsi. Ya fito tsakar gida ya ɗaga kai, sai ya ga wayar ta saki, ta kwanta a kan katanga, sauran ta faɗa gidan Babaji.

Abin da ya kamata a bayyane yake, kuma ya sha yi a baya. Ya zagaya ƙofa, ya yi sallama, a ce ya shigo, ya gaisa, ya ja igiya ya ƙulle. Amma yau in ya shiga, sai a ce sati uku mutum na kwance bai zo ba, wayarsa ta faɗi ya zo a guje. Ya dubi agogo, huɗu da kwata. Sai shaiɗan ya kawo masa dabara: ya hau soro, ya janyo wayar a hankali, ya ɗaura ta ko a indararo ne, ya gama da mutumin Bolibiya, gobe da safe ya shiga dubiya da goro kamar bai san an yi ba.

Ya jingina tsani. Ya tsaya a gindinsa, ya buɗe baki zai yi shela, sai ya tuna in ya ɗaga murya Babaji ne farkon wanda zai ji, zai kuma san yana gida lafiya lau. Ya rufe bakin. Ya ce a ransa ai ba zai duba ko'ina ba, minti ɗaya ne. Dattijo mai furfura, haihuwar cikin birni, ya taka tsani shiru kamar ɓarawon kaji.

Yana miƙa hannu ga wayar idonsa ya bi ta har ƙasa, don ido ba ya neman izini.

Babaji na zaune a kan turmin da aka kife, an jingina bayansa da gindin bedin. Babu komai a jikinsa sai wani guntun ƙyalle a cinya. Ƙaton nan ya zube, haƙarƙari duk a waje. Hannun dama na lilo kamar ba nasa ba, baki ya karkace gefe guda. Saudatu na durƙushe da ɗaurin ƙirji, kanta babu ɗankwali, tana cuɗa masa wuya da soso, ga ƙwaryar ruwa a gefe. Ashe ba zazzaɓi ba ne, ɓarin jiki ne ya shanye, kuma abin da suke ɓoye wa unguwa ke nan.

Inuwar Malam Sammani ce ta faɗa a kan ruwan. Babaji ya ɗago kai, suka haɗa ido. Ya kai hannun hagu yana lalubar ƙyallen zai ja, ƙyallen ya zame. Saudatu ta waiga, ta ga mutum a sama. Ba ta yi ihu ba. Ta fizgo mayafinta daga kan igiyar shanya, maimakon ta rufe kanta sai ta lulluɓe mijinta da shi, ta tsaya a gabansa ta ba soron baya.

Malam Sammani bai san yadda ya sauko ba, ya dai tsinci kansa a ƙasa, takalmi ɗaya ya rage a soro, gwiwa ta kuje. A ɗaki, can ƙasa-ƙasa cikin shuuu ɗin, wata murya na kiran lambarsa da Turanci. Ya kashe rediyon, ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata. Ya gudu daga ƙaramar kunya ya faɗa wadda ba ta da magani.

Kwana uku bai yi salla a masallacin unguwa ba, sai ya taka har wata unguwa inda ba a san shi sosai ba. Yana jira ya ji an fara maganar, ko mai unguwa ya aiko, ko liman ya ja shi gefe. Da an yi haka ma da ya ji sauƙi, don wanda aka zaga ya biya wani abu. Amma shiru. Saudatu ba ta gaya wa kowa ba, mutane na gaishe shi da girmamawa kamar kullum, kowace gaisuwa tana sukarsa. Ya rufe rediyon da tsohon bargo. Katunan bango ma ya daina kallonsu, ya ga duk ba su fi takardar ƙunshin ƙosai ba.

Ranar Asabar Hajo ta ajiye masa abinci, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta dube shi ba.

"Saudatu ta ce in ce maka wayarka na nan kwance a tsakar gida, tana hana ta shara."

"Mi kuma ta ce?"

"Shi ke nan abin da ta ce. Ni kau ina da tambaya. Takalminka ɗaya mi yake yi bisa soro?"

Ya ture kwanon abincin gefe. Hajo ta dube shi ta ce, "Malam, ni dai ban auri mai leƙen gidan mutane ba. Tashi ka tahi."

Bayan la'asar ya sa riga ya fita. Taku goma sha biyu ne daga ƙofarsa zuwa ta Babaji, ya yi su kamar mai zuwa garin Batagarawa a ƙasa. Ya tsaya a zaure ya yi sallama. Daga ciki Saudatu ta ce a shigo.

Babaji na kan tabarma a gindin bedin, an tokare shi da matasai, sanye da farar riga da hula. Wayar na kwance a gabansa, igiyar a naɗe a gefe. Malam Sammani ya durƙusa nesa da tabarmar, ya kasa ɗaga ido. Gaisuwar da aka saba ja, ina gajiya, ina iyali, yaya jiki, duk ta tsere masa.

"Babaji, na yi abin da ko yaro ba ya yi. Ba ni da bakin magana. Ka yafe mani, Saudatu ta yafe mani. Yau zan sauke gorar nan, in naɗe wayar, ba za ta ƙara ratsa gidanka ba."

Babaji ya daɗe yana haɗa maganar, don harshen ya yi nauyi, kowace kalma sai ya yi kokawa da ita.

"Zamna nan kusa. Ba na iya ɗaga murya yanzu."

Ya matso.

"Dubi igiyar," in ji Babaji. "Ta tsinke?"

Malam Sammani ya ɗauka ya duba. Lafiyarta lau, ko zare ɗaya bai fita ba. Ƙusar ma tana nan daram a jikin bishiyar.

"Ni na sa Saudatu ta kwance ta. Sati ukku ina kwance nan ina kallon wayarka tana rawa bisa kaina. Na ce wanga mutum ba ya zuwa don ni, amma zai zo don ita. Na san sai bayan la'asar kake kunna abin." Ya tsaya ya huta, Saudatu ta goge masa gefen baki da ƙyalle. "Wankan da ka ishe ana yi mani, don in sa wagga riga ne in tarbe ka. Ta ƙofa na zaci za ka biyo, Sammani."

Nan Malam Sammani ya fashe da kuka, kukan da rabonsa da irinsa tun rasuwar mahaifiyarsa. Ya kifa goshi a bakin tabarmar, hularsa ta faɗi. Saudatu ta tashi ta shige ɗaki don ta ba shi wuri. Babaji ya bar shi sai da ya yi mai isarsa, sannan ya ɗora masa hannun hagu a kafaɗa, hannun da ya rage.

"Ya isa. Tashi ka ɗaure wayarka."

"Wallahi na bar ta."

"Ka ɗaure, na ce. In ka sauke ta, da mi zan kira ka? Gobe ma Saudatu za ta kwance."

Malam Sammani ya miƙe, ya wurga igiyar ta kan reshe sai a karo na uku, don hawaye sun hana shi gani sosai. Ya ja har wayar ta tashi ta miƙe a sama. Da ya zo ƙullewa a ƙusar, ya fara irin ƙullin da ya koya a wurin aiki, wanda ko jaki ba ya tsinkawa, sai ya tsaya. Ya warware, ya sake ɗaurawa sako-sako, ya bar bakin igiyar a waje yadda ja ɗaya zai kwance ta.