Gyartai da Zanen Inno

A shekarar da sojojin Boma suka fara dawowa gida, Maharazu kaɗai ke da keken ɗinki a kasuwar Kankiya, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa duk abin da almakashi ya raba, kekensa zai haɗa. Mutane suka yarda, tunda babu wani keken da za su tambaya.

Sai ga Jaji, tsohon soja ɗan Dudunni, da ƙunshi a hammata. Ya ce a wani asibiti can Indiya an lulluɓe shi da mayafin faci-faci mai zanen wata jere-jere, irinsa yake so. Har ya yanka ƙyallayen da kansa: kowane wata ya kasa shi huɗu, ya kuma ƙwaƙule masa gurbi a jikin kakinsa na soja. Watannin kuwa daga baƙin zanen mahaifiyarsa Inno ya fitar da su. Ta rasu yana wurin yaƙi, an raba kayanta, wannan kaɗai aka ajiye masa. Ƙyalle huɗu ne rara, bayan su babu sauran zanen a duniya.

Maharazu ya ce ya dawo kasuwa mai zuwa, ko duban kayan bai yi sosai ba.

Da ya zauna aiki ya ga abin da ya ɗauko. Ƙyalle ɗaya ya turo ciki, ɗaya ya lotsa. In ya kifa su fuska da fuska, bakin wannan ya yi gabas, na wancan ya yi yamma. Keke kuwa miƙe yake tafiya kamar hanyar motar Katsina, ba ruwansa da lanƙwasa. Ɗinkin ya tattare kamar bakin jaka. Ya warware, tsohon saƙi ya zaizaye. Kafin azahar ta rana ta biyu ya kashe uku cikin huɗun nan na rara.

A gefen rumfarsa akwai Kabo, gyartai daga Mawashi, wanda shekara da shekaru ke zama nan yana ɗinke fasassun ƙore. Maganar da ta taɓa haɗa su ita ce Maharazu ya ce masa ya janye tarkacensa, yana korar masa manyan mutane. Yau tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo hannu.

"Tela, ba ni wanga in gani."

Maharazu ya so ya tuna masa cewa tufa ba ƙwarya ba ce, amma sai ya miƙa.

Kabo ya ninka kowane ƙyalle biyu, ya danne da farce, ya sami tsakiyarsa. Ya haɗa tsakiya da tsakiya, ya kafe da zare. Ya ɗan tsattsaga bakin kakin da wuƙarsa, kaɗan-kaɗan, sai ga kakin sojan Sarkin Ingila ya saki jiki ya bi lanƙwasa. Daga tsakiyar ya ɗinka zuwa dama, ya dawo ya ɗinka zuwa hagu, yatsunsa masu kanta suna lallashin ƙyallen. Ya ce haka yake bin tsagar ƙwarya. In ka faro daga gefe, ɗaya gefen zai gudu ya bar ka.

Ya buɗe, ya shafa a cinyarsa. Ƙyallen ya kwanta lumui, ba tattara ko ɗaya. Da ya haɗa kashi huɗu na wata ɗaya, baƙin wata ya fito cif a tsakiyar kaki, har shunin yana ɗaukar ido. Maharazu ya juya shi gaba da baya yana neman inda dabarar ta ɓuya, bai samu ba. Shekara nawa wannan hannu yana kamu biyu da ƙafarsa.

Ya sauko daga kujerar keke ya zauna a ƙasa cikin ƙoren.

"Baba, sake ɗaya, sannu-sannu."

Ran kasuwa Jaji ya shimfiɗa mayafin, ya ɗora tafinsa a kan wata ɗaya, ya daɗe bai ɗaga ba. Ya ce lallai keke abin mamaki ne. Mutane sun taru, kuma yin shiru ba zai ci wa Maharazu komai ba. Sai ya miƙa wa Jaji ƙyalle ɗayan da ya rage, ya faɗi yadda ukun suka salwanta, ya nuna tsohon da ke huda ƙwaryar wata mai fura, ya ce ga inda dabarar ta fito. Kabo bai ko ɗago kai ba.